Magani na nan kyauta, amma wa ya gaya wa mara lafiya?

Masu saurare, sau nawa muke jin mai ciwon daji ya daina shan magani don kuɗi sun ƙare? Wani ma raba ƙwayar yake yi biyu, rabi yau, rabi gobe, don ta kai shi ƙarshen wata. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, sau da yawa kamfanin da ya haɗa ƙwayar nan yana da shirin ba da ita kyauta ga wanda ba shi da hali. Ba a gaya masa ba ne kawai.

Kuma ba yau aka fara ba. A 2001 aka amince da Glivec a Amurka, maganin kamfanin Novartis na wani nau'in sankarar jini. Ba a jima ba kamfanin ya buɗe shirin raba shi kyauta a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, tare da gidauniyar Max Foundation, dubban mutane suka amfana. Pfizer da Merck da Bristol Myers Squibb su ma suna da nasu a Amurka. Shekara 20 da ɗoriya ke nan, amma har yau mara lafiya sai ya yi sa'ar haɗuwa da wani a layin asibiti kafin ya ji labari.

Ba wani sirri a ciki. Fom ne. Mara lafiya ya cike nasa ɓangaren, ya haɗa da shaidar abin da yake samu da bayanin inshorarsa in yana da ita. Likita ya cike nasa, ya rubuta cutar da maganin, ya sa hannu. To, a nan gizo ke saƙa. Mutum ya fito daga ɗakin da aka ce masa yana da ciwon daji, ƙafafunsa na rawa, takardar magani a hannu, aka nuna masa hanyar wurin biyan kuɗi. Likitan da ya san sunan maganin da kamfanin da ke yin sa, wanda in ba sa hannunsa fom ɗin ba ya zuwa ko'ina, bai ce uffan ba. Haba! Minti nawa zai ci a ce masa, "Akwai shirin tallafi, mu gwada"?

Na san masu cewa ai duk neman suna ne, kamfanonin su tsawwala farashi sannan su dawo suna rabon sadaka. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. A 2013 ƙwararrun likitocin sankarar jini sama da 100 sun fito fili sun koka da tsadar magungunan nan. A ci gaba da wannan faɗa, ina goyon baya. Amma mai jinya ba zai jira a gama shi ba. A gaya masa.

A gaya masa har da abin da ba daɗi. Ba kowa ake ɗauka ba, wanda samunsa ya wuce wata iyaka ba a ba shi. Maganin kamfanin kaɗai ake bayarwa, gwaje-gwaje da kuɗin mota suna wuyansa. Kuma galibi duk shekara sai an sabunta, wanda ya yi sakaci ya wayi gari an tsayar masa da magani.

Asibitin da ke da ma'aikacin karɓar kuɗi a kowace taga, me ya hana shi ajiye mutum ɗaya tak da zai zauna da majinyata su cike fom ɗin nan?