Yadda Za Ka Ɗaura Wa Tsohuwar Mota Sabuwar Salansa a Gida

Jama'a, barkanmu da warhaka. Ku kasa kunne ku ji ƙarar motar nan. Wannan fat-fat ɗin da ke fitowa daga ƙarƙashinta huji ne a salansa, kuma ga baƙin toka nan ya zagaye wurin. Yau za mu sauke tsohuwar gaba ɗaya, mu ɗaura sabuwa, a gida, ba tare da ramin gareji ba.

Ku dubi inda ta ɓule. Daga ciki tsatsar ta ciyo ta. Duk litar fetur ɗaya da inji ya ƙona, kusan litar ruwa ɗaya yake fitarwa a matsayin tururi. Idan mota ta yi doguwar tafiya, zafi yana kore wannan ruwan. Amma tsohuwar mota da ake lallaɓawa, a tayar da ita minti biyar a kashe, ruwan kwanciya yake yi a cikin tukunyar salansa, yana cin ƙarfen a hankali. Shi ya sa ni dai ƙarfen da ba ya tsatsa nake zaɓa, mai lamba 304, ko 409 idan ana son sauƙi. Baƙin ƙarfe ya fi kama da abin da motar ta fito da shi daga kamfani, sautinsa ma ya fi taushi, sai dai kwanansa ba ya kai na wancan.

Wani sauƙin tsofaffin motoci shi ne salansarsu ba ta da tarkace. Tukunyar tace hayaƙi sai a 1975 ta zama ruwan dare a motocin Amurka, a Tarayyar Turai kuwa sai 1993 ta zama dole ga sababbin motocin fetur. Motar da ta girmi wannan zamani, bututu ne kawai da tukunya da robobin rataya. Idan taka ta zo da tukunyar tace hayaƙi, ka mayar mata da ita.

Game da faɗin bututu, kada girma ya ruɗe ka. Idan ya yi wa injin yawa, hayaƙin yana rage gudu a ciki, motar ta yi sanyin tashi. Ka tsaya kusa da awon da ta zo da shi.

Aikin nan tun jiya ya fara. Na bi kowane noti na fesa masa man kwance tsatsa, na sake fesawa da dare, na ƙara da safe. Injin kuma ya kwana bai tashi ba, don salansa mai zafi tana saɓule fata.

Yanzu ɗaga mota, kuma a nan ina roƙonku ku saurara da kyau. A kan daɓe mai ƙarfi, shimfiɗaɗɗe. A sa waigi a tayoyin da ke ƙasa. Jak aikinsa ɗagawa ne kaɗai, da zarar ta tashi sai a zaunar da ita a kan ƙafafun ƙarfe na tallafe mota, a girgiza ta da hannu a tabbatar ta zauna daram. Bulon siminti yana fashewa ba tare da gargaɗi ba, kada ka ba shi amanar ƙirjinka. A baya, ƙafafun su tallafi jikin motar, a bar aksil, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyin baya, ya sauko, don ta samansa bututun zai ratsa, kuma yana buƙatar wannan sararin. Sa gilashin kare ido, garin tsatsa zai yi ta zubo maka.

Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoton kowace mahaɗa da kowace roba da wayarka. Sannan ka shimfiɗa sabuwar salansar a ƙasa gefen motar, ka gwada lanƙwasarta da ta tsohuwar. Idan an turo maka wadda ba ta motarka ba, gara ka sani tun motar tana iya tafiya.

Daga baya ake fara saukewa. Tun da tsohuwar ta gama yayinta, inda ta ƙi rabuwa a sa zarto a yanke, kawai a lura da tankin mai da layin birki.

To, ga inda aikin yake: notocin da suka haɗa bututun farko da manifol, wato ƙarfen da ke tattaro hayaƙi daga jikin inji. Shekaru aru-aru suna shan zafi suna hucewa, har noti da ƙusar da yake kai sun zama kamar abu ɗaya. Idan ƙusar nan ta karye a cikin manifol, aikin yini ɗaya ya koma na mako, sai an ciro manifol an huda. Saboda haka fara da goge tiredin, wato zanen jikin ƙusar da noti ke bi, da buroshin waya. Ka sami soket mai kusurwa shida wanda ya kama notin cif. Nan ma akwai tarko: tsofaffin motocin Amurka da Ingila da awon inci aka ɗaure su. Noti mai rabin inci milimita 12.7 ne, sifana mai lamba 13 za ta shiga, amma da ɗan lilo, kuma wannan lilon ya isa ya murje kan notin da tsatsa ta riga ta cinye. Peugeot 504 ko Mercedes W123 kuwa awon milimita ne.

Ku kalli hannuna. Na ɗan ƙara ɗaure shi tukuna, kaɗan, don tsatsar ta tsage. Sai na sassauto kwata, na mayar, na fesa mai, na sake sassautowa. Idan ka ji ya yi tauri sannan farat ɗaya ya yi laushi alhali notin bai motsa ba, tsaya, ƙusar ce take murɗewa. A nan zafi ne magani: a gasa notin da wuta har ya buɗe, bayan an goge man da aka fesa, an kuma tabbatar babu tiyon fetur a kusa, ga abin kashe gobara a gefe. Wanda bai saba da wuta ba, ya kira mai walda don wannan notin kaɗai. Gaggawa a wurin nan ita ce ke haifar da nawa.

Ya fito. Kankare fuskar manifol har sai ta yi sumul, sa sabon gasket, wato 'yar shimfiɗar da ke hana yoyo tsakanin manifol da bututu, shafa giris mai jan ƙarfe a tiredin. In ka sami notocin tagulla, su za ka sa, ba sa manne wa ƙusa, kuma wanda zai kwance bayan shekara goma zai yi maka addu'a.

Ɗaurawa daga gaba take farawa zuwa baya, kuma abin da nake so ku riƙe shi ne: kada a matse ko noti ɗaya sai an rataye komai. Da hannu kawai. Bututun gaba ya shige cikin na bayansa, da ɗan man liƙe salansa a mahaɗar, kilam ɗin, wato maɗaurin ƙarfen da ke matse mahaɗar, a sake. Robobin rataya sababbi, ɗan ruwan sabulu yana sa su zame su shiga. Dalilin barin komai a sake shi ne salansa tana miƙewa idan ta yi zafi, injin kuma yana rawa a kan kujerunsa. Idan ka matse gaba sannan ka janyo baya da ƙarfi don ya kai, ka bar ta cikin ɗauri, wata rana za ta tsage a walda ko ta fasa manifol.

Yanzu juya kowane yanki har ya zauna da kansa. Ka bar tazarar yatsu biyu tsakanin bututu da jikin mota, fiye da haka kusa da layin birki da na fetur da wayar hambirki. Ɗaga aksil da jak zuwa inda yake zama idan mota tana ƙasa, ka ga ko zai taɓa. Fita ka dubi bakin bututun ta baya, ya miƙe? Sai a matse, daga manifol zuwa baya, notocin manifol bi da bi, kaɗan-kaɗan. Kilam kuma kada a matse shi har ya lotsa bututun.

Sauke motar, tura ta waje kafin ka tayar. Hayaƙin mota yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tsohon inji mai kafireta yana fitar da ita da yawa, a rufaffen gareji tana kisa. Masu Volkswagen ƙirar ƙwaro, ku ƙara lura, don hitar motarku daga jikin salansa take ɗibar zafi, huji a wurin yana iya shigo da hayaƙi har cikin mota.

Ta tashi. Kun ji bambanci? Tun bututun bai yi zafi ba, kai hannunka kusa da kowace mahaɗa ba tare da ka taɓa ba, ka ji ko iska tana hurowa. Wani ya toshe bakin bututun da tsumma na daƙiƙa biyu ko uku, in akwai yoyo za ka ji shi yana tsaki. Ɗan hayaƙi da ƙauri a mintunan farko mai ne da fenti suke ƙonewa, za su wuce.

Yi tafiyar minti ashirin, gilashi a sauke, kana sauraron ko wani abu yana bugun jikin mota a kan gargada. Ka dawo, ka bar ta ta huce sarai, ka sake bin notocin manifol da kowane kilam da sifana, za ka tarar gasket ya kwanta sun ɗan saki. Bayan mako guda ka sake leƙawa, duk mahaɗar da ka ga baƙin toka a bakinta, ita ce ke neman ƙarin matsi.