Ƴan ƙasa da 19 amma ɗan wasa yana da 19? Ga inda lissafin yake

[Bidiyon wasan ƙarshe, Mali da Amurka, 2019]

Assalamu alaikum jama'a. Wannan tsohon bidiyo ne ya sake yawo a waya kwanan nan, kuma tun da ya dawo ake ta cece-kuce a ƙarƙashinsa, wani ya ce ai waɗannan ƙartin ba yara ba ne, wani ya ce an yi cuwa-cuwar shekaru, har wani ya rubuta wai wancan dogon ya kai ya aurar da ƴa. To ku tsaya mu bi abin a hankali.

Wannan wasan ƙarshe ne na gasar kofin duniya ta ƙwallon kwando ta ƴan ƙasa da shekara 19, wadda FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ta shirya a garin Heraklion na ƙasar Girka, watan Yulin 2019. Ƙasashe 16 ne suka shiga, Afirka ta samu gurbi biyu, Mali da Senegal. Mali ta bi ta kan Faransa a wasan kusa da na ƙarshe, ta zo ta haɗu da Amurka, Amurka ta ci 93 da 79. Azurfa kenan, kuma kafin ranar babu wata ƙasar Afirka da ta taɓa kaiwa wasan ƙarshe a gasar duniya ta FIBA.

[A bar bidiyon ya ɗan tafi, a ji ihun ƴan kallo]

Yawwa. Yanzu ga inda mutane suke ruɗewa, kuma ni ma da farko na ruɗe, ba zan ɓoye muku ba. Mali ta samu tikitin zuwa Girka ne saboda ta ci gasar Afirka ta ƴan ƙasa da 18 a Bamako a 2018, ta doke Senegal a wasan ƙarshe. Sai mutum ya ce to yaya ƴan 18 suka ci tikiti amma ƴan 19 suka tafi, ko ƙanne ne suka yi wahala yayye suka ci moriya? A'a malam, yaran nan dai su ne. Gasar nahiya ana yinta bana, ta duniya sai baɗi, kafin nan kowa ya ƙara shekara ɗaya, shi ya sa sunan gasar ma ya ƙara ɗaya. Haka ƴan 16 na nahiya suke komawa ƴan 17 a gasar duniya.

Sannan abu na biyu, wanda shi ne ainihin kan maganar: ba a duba ranar haihuwarka, shekarar da aka haife ka ake dubawa. A gasar 2019 sharaɗin shi ne an haife ka daga 1 ga Janairun 2000 zuwa sama. Shi kenan. Ko an haife ka ranar farko ta shekarar, ko ranar ƙarshe, duk kwando ɗaya aka zuba ku.

[Hoton ƴan wasan Amurka a jere]

Ku dubi wannan siririn na gefe. Tyrese Haliburton kenan, wanda yanzu ake ji da shi a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka. An haife shi a watan Fabrairun 2000, wato ranar da aka buga wannan wasan ya riga ya cika 19 har da ƴan watanni a kai, kuma bai karya doka ko ɗaya ba. Da a ce fassarar sunan za a bi kalma da kalma ai da tuni an kore shi. Ni a ganina sunan ne ma ya kamata a gyara a bakinmu, mu riƙa cewa ƴan 19 zuwa ƙasa, da an huta da wannan musun.

[Oumar Ballo yana tare ƙwallo a ƙarƙashin raga]

Shi kuma wannan, wanda aka ce wai ya kai ya aurar da ƴa, Oumar Ballo ne, haihuwar Yulin 2002. Ku lissafa da yatsunku. Bai ma cika 17 ba a lokacin, yana cikin ƙananan da ke filin, amma aka zaɓe shi cikin gwanaye biyar na gasar shi da ɗan ƙasarsu Siriman Kanouté. Tsawo ne kawai Allah ya ba shi, kuma ƙwallon kwando dama dogaye take nema, ba kamar ƙwallon ƙafa ba da ɗan gajere zai zo ya yi ta wulaƙanta mutane.

Na san abin da ya sa muke saurin zargi, mun sha jin labarin rage shekaru a ƙwallon ƙafa har sai da aka koma ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu. Zargin yana da tushe, amma hujjar da aka kawo a kan wannan bidiyon dai ba ta tsaya ba.

[Sauran bidiyon, a hanzarce]

Sauran kuma ku kalla da idonku. Wancan Cade Cunningham ne, shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin ƴan wasan NBA na 2021, ga Evan Mobley, ga Jalen Green, ga Scottie Barnes, duk a tawaga ɗaya. Waɗannan ne yaran Bamako suka tsaya gaba da gaba da su, tazarar maki 14. Ga kuma tagwayen Mali can, Hassan da Fousseyni Drame, kar ku tambaye ni wane ne wane, na mayar da bidiyon baya sau uku ban gane ba.