Sabori: ganyen wake na Turawa da yadda zai yi a lambun Bauchi

Wannan lacca wani malamin gona ya gabatar da ita ga matan da ke lambun cikin gida a Bauchi. An rubuto ta daga muryar da aka naɗa.

Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena, barkanku da hantsi. Ga wannan ƙullin, a zagaya da shi, kowa ta murza kaɗan a tafin hannu ta shinshina. Kun ji kamar tayim ɗin da kuke sawa a dafa-duka, sai dai wannan yana da ɗan yaji-yaji a harshe kamar masoro. Sunansa sabori, masana kuma suna ce masa Satureja hortensis. Dangin na'a-na'a ne da ɗoɗɗoya, asalinsa kudu maso gabashin Turai da yammacin Asiya.

Abin da ya sa na kawo muku shi, wake. Jamusawa sunan da suka ba shi ma ke nan, Bohnenkraut, wato ganyen wake, don da wuya su dafa wake babu shi, kuma sun daɗe suna cewa yana rage kumburin ciki. A Bulgeriya kuwa daka shi suke da gishiri da jan barkono, su ajiye a tsakiyar abinci kamar yadda muke ajiye yaji. To mu da muke kwana mu tashi da wake, garau-garau, alale, ƙosai, ai mun fi su buƙatarsa.

Yanzu ga inda na sha kaye. A takardar irin an rubuta cewa ganyen bazara ne, ni kuwa na ɗauka bazararmu ake nufi. Na shuka a Afrilu, rana ta ƙone shi tun yana ganye huɗu. Na sake a Agusta, a ƙasar laka bayan ɗakina, ruwa ya kwanta, saiwar ta ruɓe. Maiɗakina har cewa ta yi, "Malam, wannan ciyawar taka ba ta son zaman Bauchi." (Dariya.) Ashe lokacin zafin Turai, inda awon zafi ke yawo tsakanin digiri 20 zuwa 25, ya fi kama da sanyinmu. Mu nan Maris da Afrilu sai a doshi 40. Saboda haka ku shuka daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da masu lambu ke dasa tumatir da latas, ku riƙa ban-ruwa.

Irin ƙanana ne ƙwarai, bai kai ƙwayar riɗi ba. Kada ku binne shi, yana buƙatar haske kafin ya tsira. Ku gauraya shi da yashi, ku barbaɗa a kan ƙasa mai laushi, ku danna da tafin hannu, sannan ku yayyafa ruwa da yatsu. Kada a kwara da bokiti, sai ya wanke irin. Cikin mako 1 zuwa 3 zai fito. In ya tasa, a rage shi a bar tazarar santimita 15 zuwa 20, kamar taƙi guda. Ƙasa mai yashi yake so, da rana, da taki kaɗan. Tsohon bokiti ma ya isa, muddin an huda gindinsa.

Na'am, Hajiya? Kaji? Ai kaji ba sa ƙyale komai, ki ɗora shi a kan bulo, ko ki kewaye da tsohon gidan sauro.

Tsawonsa bai cika wuce santimita 45 ba. Bayan kamar wata 2 za ku ga yana shirin fitar da ƙananan furanni farare ko masu ɗan shuɗi-shuɗi, to lokacin ƙamshinsa ya fi ƙarfi, sai a yanka. A shanya a inuwa kamar yadda kuke shanya zogale. Rana tana kwashe man da ke ba shi ƙamshi. Da hunturu, kwana kaɗan ya bushe. A murje, a zuba a kwalba a rufe. Ku bar gindi biyu su yi iri, don shekara guda yake yi ya mutu, kuma irin da ya tsufa ba ya tsira sosai.

A tukunyar waken gida, ƙaramin cokali guda ya isa, a zuba in ya kusa nuna. Wadda ta cika hannu za ta ji ɗaci. Wa ke riƙe da ƙullin nan? A dawo min da shi, saura layin baya ba su shinshina ba.