Me Ya Sa Masunci Yake Rusuna wa Kifi?

Tun da wani bidiyon kamun tarfon, wani babban kifin teku, ya yaɗu ake ta tambayar abu ɗaya: kifi ya kama ƙugiya, ya yi tsalle sama, maimakon mutumin ya ja da ƙarfi sai ya sunkuya ya miƙa masa sandar fatsa. Wasu ma cewa suke tsoro ne ya kama shi.

Wurin da ke cikin bidiyon Boca Grande ne, a jihar Fulorida ta Amurka, inda kifin tarfon yake taruwa daga Mayu zuwa Yuli.   

A dawo da hoton baya, a rage gudu. Ku dubi bakinsa. Ƙashi ne mai tauri, da ƙyar ƙugiya take samun wurin shiga. Muddin yana cikin ruwa, ruwan ne yake rage masa ƙarfin fizga. Yana fitowa sarari babu abin da ke riƙe shi, sai ya yi ta kaɗa kai hagu da dama. In igiya tana miƙe tam a wannan lokacin, ko dai ta tsinke, ko ƙugiyar ta fita. To kun ga hannun nan da ya miƙa gaba? Sassauta igiyar yake yi na ɗan daƙiƙa. Kifin yana faɗawa ruwa, ya ɗaga sanda, a ci gaba da ja. Masuntan can suna kiran wannan rusuna wa sarki, don laƙabin kifin Sarkin Azurfa. Ni dai a duk aikin, nan ne ya fi burge ni, domin jiki cewa yake ka ja, sai wanda ya saba ne yake iya saki.

Kuma bayan duk wahalar, sakinsa za a yi. Dokar Fulorida ce, wanda ya wuce inci 40 ma ba a fito da shi daga ruwa. Irin kifin nan akwai shi a gaɓar Afirka ta Yamma, kuma wanda ya kafa tarihin duniya, mai kusan kilo 130, a Gini Bisau aka kama shi a 2003.