Amsoshin Tambayoyinku: Takardun Masu Tallafa wa Rediyo da Tsofaffin Kaset

Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da warhaka daga nan Maradi. Wasiƙun wannan mako kusan duk a kan tsofaffin takardu da kaset na gidajen rediyo suka zo, don haka sai mu ɗauke su bi da bi.

Ta farko daga wani ɗalibi ne a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Ya ce yana rubuta kundin kammala karatu a kan rediyon karkara a jihar Maradi, malaminsa kuma ya ce ya nemi takardun gidauniyoyin da suka tallafa wa waɗannan tashoshi. Yana tambaya me ake samu a cikinsu, kuma ina suke.

To ɗan'uwa, gidauniya ba ta ba da kuɗi da fatar baki. Kafin faifan sola ɗaya ko makirfo ya iso ƙauye, an rubuta takardar neman tallafi, an sa hannu a yarjejeniya, an yi kasafi. Bayan nan sai rasit, da rahoton aiki, da sunayen waɗanda aka horar, da wasiƙun da suka yi ta kai-komo, da hotuna. Ba don son tarihi suke tara su ba, doka ce ta tilasta. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar da wasu ƙasashen Afirka suke bi, ta ce a ajiye takardun lissafi shekara 10, haka ma dokar Suwizalan. Bayan wa'adin ne ake tankaɗe da rairaya, wasu a zubar, wasu su shiga ma'ajiyar tarihi.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Fondation Hirondelle, wadda aka kafa a 1995, mai hedikwata a Lozan ta Suwizalan. Ita ce ta kafa Radio Ndeke Luka a Afirka ta Tsakiya a 2000, da Radio Okapi a Kwango tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2002, da Studio Tamani a Mali a 2013, sannan Studio Kalangou a Yamai a 2016, mai shirya labarai da Faransanci, Hausa, Zabarmanci, Tamashek da Fulatanci, tashoshi abokan hulɗa su watsa. Irin wannan ƙungiya sai ka rubuta mata wasiƙa ta hannun jami'arka, ka faɗi shekarun da kake nema da sunan tashar. Wasu gidauniyoyin ma kan miƙa takardunsu ga wata cibiya ta daban: na Gidauniyar Ford, wadda ta zuba kuɗi sosai a rediyo da talabijin na ilimantarwa a Amurka, suna ajiye a Rockefeller Archive Center a jihar Niyok, masu bincike na zuwa su karanta.

Amma ga shawarata. Rahoton shekara mai hotuna masu kala, wanda yake son a sabunta masa tallafi ne ya rubuta shi, don haka komai a ciki lafiya lau. In ka samu dama, nemi wasiƙu da bayanan zaman taro, a nan ne za ka ji cewa batir ya mutu, ko ma'aikata sun watse saboda ba albashi. Sannan kada ka tsaya a takardun mai ba da kuɗi, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Je ka tashar da kanka, ka zauna da tsofaffin masu gabatar da shiri da ƴan kwamitin gudanarwa, ka roƙi a nuna maka littafin sanarwa. Littafin ƴan makaranta ne kawai, bangonsa ya yi baƙi da hannu, amma a ciki akwai kwanan wata, da wanda ya kawo sanarwa, da dala nawa ya biya: suna, ɗaurin aure, rasuwa, cigiyar akuya, ranar rigakafi, kiran taron manoma. Daga shi kaɗai za ka gane ƙauyukan da tashar take kaiwa da abin da take ci da shi bayan masu tallafi sun tafi. A Yamai kuma akwai ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, da fayilolin hukumar sadarwa CSC da ta riƙa ba da izinin buɗe tasha. Don ka san inda za ka fara lissafi, rediyon al'umma na farko a ƙasar nan a Bankilare aka buɗe shi a 1999.

Wasiƙa ta biyu daga wani dattijo ne a Tibiri, jikansa ya rubuta masa. Ya ce yana saurayi ma'aikatan rediyo suka zo suka ɗauki muryar mahaifinsa yana ba da tarihin Gobir, ko za a iya samun wannan murya yau?

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya ji ƙan mahaifi. Gidan rediyon ƙasa ya fara aiki a 1958 da sunan Radio Niger, a 1974 ya koma Muryar Sahel. A 1962 kuma aka kafa ƙungiyar Radio-Clubs, wadda mutanenta suka riƙa shiga ƙauyuka da na'urar ɗaukar magana. Ban da su akwai cibiyar CELHTO da aka kafa a Yamai a 1968 musamman don tattara tarihin baka, da cibiyar bincike ta IRSH. Ka ga kenan ba lallai ba ne waɗanda suka zo ma'aikatan rediyo ne, a wancan zamani duk mai riƙe da makirfo ɗan rediyo ake ce masa. Don haka a tambayi duka wuraren, kada a tsaya wuri ɗaya.

Sai dai ba zan yi maka alkawari ba, Baba. Zaren ɗaukar magana yana da tsada a da, gidajen rediyo kan goge tsohon shiri su ɗora sabo a kai. Ba a nan kaɗai ba, BBC ma ta yi asarar shirye-shirye da yawa ta wannan hanya. Abin da zai taimaka shi ne jikanka ya rubuta cikakken sunan marigayi da laƙabinsa, da unguwa, da wanda yake sarautar Gobir a lokacin, da wani abin da ya faru a shekarar, ko fari ne ko naɗin sarauta. Da sunan mai magana da garinsu ake rubuta kwalin zare, ta nan ma'aji zai fara nema.

Ta uku daga wata Hajiya ce a Tasawa. Maigidanta marigayi ya yi aikin rediyo, ya bar kwali cike da kaset, tana tsoron kada su lalace.

Hajiya, Allah ya gafarta masa. Abokan gabar kaset su ne zafi, laima, ƙura da maganaɗisu. Ki fitar da kwalin daga ɗakin kwano, kada ya zauna a ƙasa inda gara da danshin damina suke, kada kuma a ajiye shi kusa da sifika. A jera su a tsaye cikin gidajensu. A saman kowane kaset akwai ƴan kunnuwa biyu na roba, a ɓalle su, shi ke nan ba wanda zai iya ɗaukar wani abu a kai bisa kuskure. Wanda kika ga farin gari-gari a jikin zarensa, ko zaren ya manne, kada a sa shi a rediyo don gwaji, saurare ɗaya na iya zama na ƙarshe. A ware shi sai an samu masani. Kafin komai ma, ki sa yaro ya ɗauki hoton rubutun da ke jikin kowanne da waya, domin tawada na koɗewa, murya kuma in ba suna ba kwanan wata, rabin amfaninta ya tafi.

Maganin gaskiya dai shi ne a juye su a kwamfuta, kuma da wuri, don injunan da ke karanta su ne suke ƙarewa. UNESCO da ƙungiyar ma'ajiyan sauti ta duniya IASA sun yi wannan gargaɗi tun 2019. Ki ce wa mai juyewa ya adana su a tsarin sauti na kwamfuta da ake kira WAV, domin tsarin MP3 yana rage ingancin sauti, turawa ta WhatsApp kuma ta ƙara rage shi. A yi kwafi uku, ɗaya ya zauna a wani gida daban. Kaset ɗin kansu kada a zubar bayan an juye.

Ta ƙarshe gajeruwa ce, daga shugaban wata tashar karkara a yankin Dakoro. Za su sa hannu da wata gidauniya, yana tambaya shirye-shiryen da za a yi da kuɗinta na wa ne.

Malam, na wanda yarjejeniya ta ce ne, shi ya sa ake karanta ta kafin biro ya taɓa takarda. Ku nemi a rubuta ƙarara cewa tasha za ta riƙe kwafin kowane shiri da kowane rahoton da aka aika a kanta, tana da ikon maimaita su ko bayan tallafi ya ƙare, a kuma saka kuɗin ma'ajiyar kwamfuta guda biyu da akwatin ƙarfe a cikin kasafi. Kuɗin ba shi da yawa in aka kwatanta da na injin watsa shiri, kuma a lokacin rubuta kasafi ne kawai ake iya shigar da shi cikin sauƙi.

Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.