Ƙauyen bakin birni: gonarsa da makarantarsa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe Hakimi, iyayenmu dagatai da masu unguwanni, malamai, da iyayenmu mata da ke can baya, ina fata murya tana isa gare ku.

An ce in yi magana kan zaman ƙauyen da ke gefen birni. Kano zan ɗauka. Cikin ƙananan hukumominmu 44, guda 8 ake lissafawa a birni da kewaye, har da Ungogo da Kumbotso. A takarda birni ne. Amma ka bi hanya har inda kwalta ta ƙare, za ka tarar da rumbu da turke da rijiya.

Da can akwai amana tsakanin waɗannan ƙauyuka da birni. A shekarun 1960 wani Bature, Michael Mortimore, ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da Kano, ya nuna ana noma gona kowace damina ba hutu, kuma ba ta mutuwa. Dattawan da ke nan sun san dalili. Jaki ya kai itace birni, ya dawo da mangala cike da shara da toka, a zuba a gona. Birni ya ci, gona ta ci.

Yau abin da birni ke nema a wurinmu gonar ce ɗungurungum. Dillali ya zo, a yi awon igiya, a yanka fuloti-fuloti, ba hanya, ba magudanar ruwa, ba a bar ko taku ɗaya don makaranta ba. Mai gona ya karɓi kuɗi, ya sayi adaidaita sahu, ya ƙara aure. Bayan 'yan shekaru kuɗi sun tafi, gonar da za a gada ta tafi. Ba na zargin kowa, wanda yunwa ta taso ba a yi masa wa'azin haƙuri da nisa. Amma mu duba abin da wannan ya yi wa makaranta.

Yawancin firamarenmu tun lokacin UPE ne, shirin ilimin firamare ga kowa na 1976. Dagaci ne ya nuna fili da sanda, ya ce daga wannan kuka zuwa waccan ɗorawa. Ba takarda, ba katanga. Da ƙasa ta yi tsada sai filin ƙwallo ya fara raguwa, yau an ci kamu biyu, gobe an kafa harsashi. Baƙin da suka tare kuwa, masu hali sun kai 'ya'yansu makarantar kuɗi, marasa hali sun ƙaru a kan namu. Aji huɗu da aka gina wa ƙauye yanzu unguwa guda yake ɗauka, yara a ƙasa, allo ya koɗe.

Sai malami. Ku gafarce ni malamai, ni ma naku ne. Wanda aka tura ƙauye mai nisa dole ya nemi ɗaki ya zauna, ya san iyayen yara, a gan shi a masallaci. Wanda aka tura bakin birni ba ya tarewa. A gidansa na cikin gari yake kwana, ya hau mota biyu, ya ƙarasa da ƙafa. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kuɗin mota ya cinye albashi, sai ka ji ana rabon kwana: kai Litinin da Talata, ni Laraba da Alhamis. Kusancin da muke taƙama da shi ne ya hana mu malami mazauni.

Yaran ma birni yana jan su. Wanda ke kusa da kasuwar hatsi ta Dawanau ya san yadda kaka ke kwashe aji, maza dako, mata tsintar riɗi da zoɓo. Kuɗi ne a hannu kafin magariba, makaranta kuwa alkawari ne na shekaru. Yarinya ta gama aji shida, ƙaramar sakandare tana bayan babban titi, uba ya ce a'a. Kuma ba shi da laifi ƙwarai.

Kada wani ya ce ƙauye ne ba ya karɓar ilimi. A 1977 aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ba a cikin ganuwa ba, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can ba sa ƙirguwa. Ɗalibi yana kwana a wurin, malami yana da gida a wurin.

Gwamnatin Kano ta ce ilimi kyauta kuma dole a 2019, ta sa dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024. Madalla. Namu guda biyu ne, ranka ya daɗe. Kwamitin kula da makaranta ya sa a auna filin kowace firamare, a kafa duwatsu, a samo takarda kafin rani mai zuwa. Sannan masu unguwanni su rubuto sunayen 'ya'yanmu masu takardar koyarwa ta NCE da ke zaune ba aiki, a kai wa sakataren ilimi, a nace sai an ɗauke su a nan inda suke kwana.

Ga shugaban taro yana nuna mini agogo. Mu fara karɓar tambaya daga ɓangaren mata.