Mai Wurno: Garin da Ɗan Sarkin Musulmi Ya Kafa a Bakin Nilu

Assalamu alaikum jama'a. Idan mutum ya taso daga Sinnar, a ƙasar Sudan, ya nufi kudu, hanyar Sinja, ba zai yi nisa ba zai iske wani gari a gaɓar yamma ta kogin Nil Azraƙ, ɗaya daga cikin rassan Nilu. Direba zai ce masa an iso Mayirno, don haka bakin Larabawa ya sarrafa sunan. Amma ya sauka ya zauna da dattawa a gindin bishiya, zai ji sunan yadda yake tun asali, Mai Wurno. Sunan mutum ne kafin ya zama sunan gari. Mutumin kuwa jinin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne.

Abin da ya sa na shirya wannan bidiyo ke nan. Mutane da yawa, a nan Sudan da can Najeriya, sun ɗauka duk Bahaushe ko Bafillacen da ke bakin Nilu ragowar mahajjata ne waɗanda guzuri ya ƙare musu a hanya. Akwai irin waɗannan, kuma babu abin kunya a ciki. Amma asalin Mai Wurno hijira ce, ta mutanen da suka bar gida da gona da sarauta don ba su yarda su zauna ƙarƙashin Nasara ba.

Mutum na farko da ya kamata a ambata bai taɓa taka garin ba. Shi ne Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na ɗaya, ɗan Ahmadu, ɗan Abubakar Atiku, ɗan Shehu. Ya hau gadon sarauta a 1902, lokacin da rundunar Lugga, jagoran Turawan Ingila, ta riga ta ci garuruwa da dama. Kano ta faɗi a watan Fabrairun 1903. Ranar 15 ga Maris aka gwabza a filin Giginya, bakin Sakkwato, inda dawaki da masu da takubba suka fuskanci bindiga mai ruwa. Turawa suka shiga gari, suka naɗa wani Attahirun, ɗan Aliyu Babba. Shi kuwa Attahiru na ɗaya ya juya akalarsa gabas.

Me ya sa gabas? Saboda tun zamanin Shehu akwai maganar da ke yawo a bakin malamai cewa wata rana jama'a za ta yi ƙaura zuwa gabas, wajen Nilu da Makka, ta sadu da Mahadi. Da talakawa suka ji Sarkin Musulmi da kansa ya kama hanya, sai suka ce lokacin ya yi. Manoma suka bar gonaki ana dab da shuka, suka bi shi da mata da 'ya'ya da jakuna. Wannan ne ya tsorata Turawa fiye da komai, don ƙasar da suka ci na neman ta watse musu a hannu.

Suka bi sawunsa har Burmi, kusa da kogin Gongola, a jihar Gombe ta yanzu. An yi karon farko a watan Mayu, mutanen Burmi suka kora su. Suka sake shiri suka dawo ranar 27 ga Yulin 1903. A ranar Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa, an kuma kashe Manjo Marsh, jagoran rundunar Turawa. Tutar Sarkin Musulmi da suka ɗauke a filin, sai a 1960 aka mayar da ita Sakkwato. Allah Ya jiƙan mazan jiya.

Cikin waɗanda suka tsira akwai ɗansa, Muhammadu Bello. Sunan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu ya ci, wanda ya zauna a ribaɗin Wurno, ya rasu a can a 1837, kabarinsa ma yana can. Shi ya sa ake yi wa mai sunan laƙabi da Mai Wurno. Wannan saurayi, da gawar mahaifinsa a bayansa, shi ya tattara waɗanda suka rage ya ci gaba da tafiyar. Ku dubi taswira, ku auna nisan da ke tsakanin Gongola da Nil Azraƙ. A ƙafa aka yi ta, da kan jaki da raƙumi, ta ƙasar Chadi, ana yada zango a yi noma a sami abin ci, sannan a sake ɗaura kaya. Wajen 1906 suka iso ƙauyen Shaihu Ɗalha a gaɓar gabas, garin wani malami wanda shi ma asalinsa Bafillace ne. Daga nan Mai Wurno ya haye ruwa ya sari wuri ya kafa nasa garin.

Akwai abu mai ciwo a nan, kuma ba na son a tsallake shi. Waɗanda suka guji Ingilishi a Sakkwato, su suka tarar a Sudan. Daular Mahadiyya ta riga ta faɗi a Karari tun 1898. Ba sauran inda za a gudu. Wasu sun wuce har Hijaz, kamar Alfa Hashim, babban malamin Tijjaniyya da ya fita daga Burmi ya ƙare rayuwarsa a Madina. Mai Wurno ya tsaya, ya zauna lafiya da hukuma, ita kuma ta amince da shi a matsayin Sultan. Akwai masu ganin wannan sassauci ne. Ni dai a ganina, mutumin da ya ga abin da ya faru a Burmi da idonsa, ga marayu da zawarawa a wuyansa, ya san abin da ya fi dacewa da su, wato ƙasar noma da ruwan sha da masallaci.

Garin ya bunƙasa. Duk wanda ya fito daga Kano ko Katsina ko Barno da niyyar Hajji ya san akwai masauki a Mai Wurno. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, hannun waɗannan mutane ne ya tsinci auduga mai yawa a hawasha bayan hawasha, wato gona bayan gona. Wasu suka bazu suka kafa ƙauyuka a bakin kogi har kudu. Sultan Mai Wurno ya rasu cikin shekarun 1940, ɗansa Muhammadu Ɗahir ya gaje shi, sarautar kuma tana gidan har yau.

Duk da wannan gumi, samun jinsiyya ya zama wahala. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1948, da wadda ta biyo ta a 1957, sun nemi mutum ya nuna kakanninsa suna Sudan tun ƙarshen 1897. Mutanen hijira sun makara da 'yan shekaru kawai. Yaro an haife shi a nan, an haifi ubansa a nan, amma a ofis a ce masa Fallata ko Takari, da wata irin murya da duk wanda aka taɓa yi wa ya san ta.

Shi ya sa nake girmama mutum na gaba, Farfesa Al-Amin Abu Manga, haifaffen Mai Wurno, masanin harsuna a Jami'ar Khartum. Ya ɗauki harsunan da ake raina masu su ya mayar da su abin nazari. A 1986 ya fitar da littafi kan Fillanci a Sudan, a 1999 kuma wani kan Hausa a Sudan, yana bin diddigin yadda Larabci ke shiga bakinmu. Duk wanda ya ji kakarsa tana haɗa Hausa da Larabci a jimla ɗaya, to akwai ɗan garin nan da ya zauna ya rubuta yadda hakan ke faruwa. Akwai kuma Bature, Mark Duffield, wanda ya zauna a garin a shekarun 1970, ya buga littafi mai ɗauke da sunan garin a 1981, kan noma da kasuwanci da yadda kuɗi suka sauya zaman mutane.

Yaƙin basasar Sudan da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya iso jihar Sinnar a 2024. Sinja ta faɗi hannun mayaƙan RSF masu yaƙar gwamnati a ƙarshen Yuni, sojoji suka karɓo ta a Nuwamba. Mai Wurno na tsakanin Sinja da Sinnar, a kan hanya ɗaya. Jikokin waɗanda suka taka daga Burmi sun sake jin ƙarar bindiga a ƙofar gida, wasu sun sake ɗaura kaya. Idan kana da dattijo a gida wanda ya ji labarin hijira daga bakin kakansa, ka kunna wayarka ka naɗi muryarsa, ka tambaye shi sunayen zangon da aka yada, da sunan garin da aka baro.